Faifan bidiyo mai faɗin tire da aka samu cikin kayan Baba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Bayan rasuwar mahaifinmu, muna fitar da kayan ɗakinsa saboda rabon gado, sai muka ci karo da wani kwali a ƙarƙashin gado ɗauke da faya-fayai guda 26. Girmansu kamar faifan garmaho, amma suna ƙyalli irin na CD, gaba da baya. A jikin kwalayensu akwai hotunan finafinan Amurka da na 'yan Chana, an rubuta LaserDisc, wasu kuma da rubutun da muke zaton na Japan ne. Marigayin ɗan kasuwa ne, ya yi ta zirga-zirgar Hong Kong a shekarun 1990. Na'urar da ake sa su kuwa ba mu gan ta ba. Yayana ya ce a ba 'yan gwangwan, wani abokina kuma ya ce kayan tarihi ne, Turawa na sayensu da tsada. Don Allah mene ne wannan abu, ana iya kallonsa yanzu, kuma ya kai a sa shi cikin lissafin gado?

*Daga wani mai karatu a Fagge, Kano*

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa, ya ba ku haƙurin rashi.

Ka fara tsayar da yayan naka. Ɗan gwangwan ba zai samu komai a ciki ba, domin ƙarfen da kuke gani yana ƙyalli shafe ne kawai na alminiyam, bai kai kaurin ɓawon albasa ba, sauran jikin duk roba ce. Abokin naka kuma ya ɗan zuzuta. Akwai masu tara irin wannan faifai a duniya, gaskiya ne, amma ba kowane faifai suke bi da kuɗi ba. Kafin mu zo kan kuɗi sai ka san abin da ke hannunka, domin tarihin faifan shi ne zai nuna maka wanda ke da daraja da wanda babu.

LaserDisc shi ne faifan farko da aka sayar wa mutanen gida wanda hasken leza ke karantawa, ba allura ba. Wato shi ne babban wan CD da VCD da DVD, duk a bayansa suka zo. Wani Ba'amurke mai suna David Paul Gregg ne ya fara tunanin rubuta hoto a kan faifai a karanta shi da haske, tun ƙarshen shekarun 1950. Kamfanin MCA, masu gidan shirya finafinai na Universal, suka sayi haƙƙin fasaharsa a 1968. A daidai lokacin kamfanin Philips na ƙasar Holan yana nasa binciken. Daga baya suka haɗa kai: MCA ke da finafinai, shi zai buga faifai, Philips kuma ya ƙera na'ura. Aka nuna wa duniya abin a 1972, amma bai shiga kanti ba sai a Disambar 1978, a birnin Atlanta na Amurka, da sunan DiscoVision. Fim ɗin da ake lissafawa a matsayin na farko shi ne Jaws, na kifin nan mai cin mutane. CD na waƙa sai a 1982 ya fito, kuma daga wannan aikin na Philips aka tsago shi.

Farkon bai yi kyau ba. Faya-fayan da aka fara bugawa a Kalifoniya da yawansu sun fito da datti da lahani, masu saye suka yi ta mayarwa. Wanda ya ɗauki abin ya raine shi har ya zama wani abu shi ne kamfanin Pioneer na Japan. Shi ya shigo tun wajen 1980, ya tsaftace aikin bugawa, ya ƙera mafi yawan na'urorin, har sunan LaserDisc ɗin ma tambarinsa ne. Shi ya sa in ka ji masu harkar suna hira, kusan duk na'urar da za su ambata Pioneer ce.

Ɗauki guda ɗaya ka riƙe shi ta gefe. Faɗinsa santimita 30, nauyinsa ya kusa rubu'in kilo. In ka duba bakinsa da kyau za ka ga wani siririn layi a tsakiya: faifai biyu ne aka manne bayansu da gam, shi ya sa yake da fuska biyu. Ka riƙe maganar gam ɗin nan, za mu dawo kanta. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, duk da kamarsa da CD, hoton da ke ciki ba na dijital ba ne. Siginar talabijin ce irin ta da, wadda ake kira analog, aka zana ta da ƙananan ramuka masu bambancin tsawo. Sauti ne kawai daga baya, a tsakiyar shekarun 1980, aka ƙara masa na dijital mai kyan na CD. Saboda haka babu wata kwamfuta ko DVD da za ta karanta shi, ko da za ka samu wadda bakinta zai ɗauke shi.

Iri biyu ne, kuma an rubuta a bayan kwali: CAV ko CLV. Na CAV yana juyawa da gudu ɗaya, sau 1,800 a minti, kowane zagaye hoto guda, fuska ɗaya hotuna 54,000, wato minti 30 kacal. Amfaninsa shi ne kana iya tsayar da fim cak a kan hoton da ka ga dama, fes, ba rawa ba layi, ko ka bi shi hoto bayan hoto. Wanda ya taɓa danna tsayawa a bidiyon kaset ya ga yadda hoton ke kakkarwa kamar mai masassara, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne a wancan zamani. Na CLV kuma yana farawa da sauri ya riƙa rage gudu yayin da hasken ke fita gefe, sai ya ɗauki awa guda a fuska ɗaya. Ko ba ka karanta kwali ba kana iya bambance su. Karkata faifan a gaban fitila: in na CAV ne za ka ga wasu siraran layuka biyu sun taso daga tsakiya zuwa baki suna kallon juna, kamar hannun agogo a ƙarfe shida. Na CLV ba shi da su.

Yanzu lissafa: fim mai awa biyu da kwata a CLV fuska uku ne, faifai biyu. Ana tsakiyar faɗa sai allo ya yi shuɗi, dole wani ya tashi ya juya faifai, bayan awa guda kuma ya sake tashi ya canza. Daga baya an yi na'urori masu kewayar da idon lezar zuwa ɗaya fuskar da kansu, amma canjin faifai na biyu ba makawa.

Ta fuskar kyan hoto kaset bai kama ƙafarsa ba. A ma'aunin kaifin hoto, LaserDisc na ba da layi kusan 425, VHS kuwa, wato kaset ɗin bidiyo, wajen 240. Ba ya cinyewa da yawan kallo tunda babu abin da ke gogarsa, ba a mayar da shi baya, kana iya tsallakawa inda kake so nan take. To me ya hana shi cin kasuwa? Tsada na ciki, girma na ciki, amma babban dalilin shi ne ba a ɗaukar komai a kansa. Faifan daga masana'anta yake fitowa da fim ɗinsa, shi ke nan. Ba ka naɗar wasan ƙwallo daga talabijin, ba ka ɗaukar biki, ba ka haɗa na'ura biyu ka kwafa wa maƙwabci. VHS ya riga shi fitowa da shekara biyu, a 1976, kuma duk waɗannan yana yi. Mutane suka zaɓi mai amfani a kan mai kyau. A Amurka, wajen 1998, gida biyu ne kacal cikin ɗari ke da na'urar. A Japan abin ya kai kusan gida goma cikin ɗari, kuma karaoke, wato rera waƙa ana bin rubutu a allo, ya taimaka ƙwarai. Duniya gaba ɗaya na'urorin da aka sayar ba su cika miliyan 17 ba, fiye da rabinsu na Pioneer.

Wannan dalilin ne ya sa ku a Fagge ba ku san shi ba. Harkar fim ta Kano a kan kwafi ta tashi. Tun daga Turmin Danya a 1990, abin da ake bukata shi ne kaset ɗin da za a jera bidiyo goma ko ashirin a ɗaki a yi ta juya shi, gobe a kai Ƙofar Wambai. Faifan da sai an je wata masana'anta a Japan ko Amurka kafin a buga shi ba shi da wurin zama a wannan kasuwa. Da za mu bar kaset sai muka faɗa VCD, wanda aka tsara a 1993, duk da cewa hotonsa bai kai kyan na LaserDisc ba, don kawai ƙarami ne, mai araha, kuma kowace kwamfuta na kwafarsa. LaserDisc a ƙasar nan sai jefi-jefi, a gidan wanda ya yi tafiya ya gano ya sayo.

Tafiyar Baba kuwa ta kai shi inda abin ya fi karɓuwa. Hong Kong gari ne mai laima, kaset na saurin yin fumfuna, faifai kuwa ko a jikinsa. Shagunan haya suka cika da shi, finafinan garin ma a kansa ake fitar da su. Saboda haka abin da kuka samu bai ba ni mamaki ba. Kuma ina kyautata zaton ya taɓa mallakar na'urar, don ba a sayen faifai 26 haka kawai. Ku tambayi iyayenku mata, ku duba sito. Wani baƙin akwati ne mai nauyi, ya fi bidiyon kaset faɗi da zurfi, da babban tire a gaba.

DVD ne ya kashe shi. Ya fito a Japan ƙarshen 1996, a Amurka 1997, ƙarami, fim guda a fuska ɗaya, da araha. Kan ka ce kwabo kamfanoni sun juya baya. A Amurka an daina fitar da sababbin finafinai a LaserDisc a shekarar 2000, a Japan 2001. Pioneer ya daure ya ci gaba da ƙera na'ura har zuwa 2009 sannan ya rufe.

To su masu tarawa me suke nema a abin da ya mutu? Da yake masu kuɗi da masu son fim na haƙiƙa ne kasuwarsa, an riƙa yi musu abubuwan da ba a yi wa masu kaset. Kamfanin Criterion, mai fitar da fitattun finafinai don kallo a gida, ya fara a 1984 da Citizen Kane da King Kong, kuma a kan King Kong ɗin ne aka fara sa muryar masani yana sharhi yayin da fim ke tafiya. Nuna fim da cikakken faɗinsa na silima, da baƙin layi sama da ƙasa, maimakon a yanke gefe don ya cika talabijin, a LaserDisc ya zama al'ada. Duk ƙarin da ka sani a DVD, na hira da darakta da wuraren da aka cire, nan aka fara. Wasu sharhunan ba a sake fitar da su a ko'ina ba saboda rikicin haƙƙin mallaka. Wasu finafinan kuma an sauya su daga baya. Misalin da kowa ke bayarwa shi ne Star Wars guda uku na farko: George Lucas, wanda ya ƙirƙiro su, ya yi musu kwaskwarima a 1997, sai masu son na asali suka koma neman tsohon LaserDisc, har ma da aka sa na asalin a DVD a 2006, daga kwafin da aka yi wa LaserDisc na 1993 aka ɗauko. Akwai kuma kwalin kansa. Faɗin hoton da ke jiki, da takardun ciki, abin ratayawa ne a bango.

Daga nan za ka iya rarraba naku. Manyan finafinan Amurka da suka yi tashe, waɗanda aka buga dubbai, 'yan daloli kaɗan ake sayar da su a can, kuma ga nauyi. Kuɗin aika guda ɗaya daga Kano zuwa Turai zai ninka kuɗin faifan, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba. Waɗanda ke iya yin kuɗi su ne na ƙarshe-ƙarshe, daga 1999 zuwa 2001, domin kaɗan aka buga, sai manyan akwatuna masu faifai da yawa da littafi a ciki, sai kiɗe-kiɗe da zanen Japan da ba a sake fitarwa ba. Ni a cikin kayanku na 'yan Chanan nan ne zan fi zuba wa ido. Finafinan Hong Kong da dama, da aka zo sake fitar da su a DVD, an yanke wani wuri ko an canza sautinsu, saboda haka akwai masu neman bugun farko na garin musamman. Masu rubutun Japan kuma ka duba ko akwai wata siririyar takarda da aka naɗe a gefen kwalin kamar ɗamara. Sunanta obi. Yara kan cire ta su yar, alhali mai saye na rage kuɗi sosai in babu ita. Kowane kwali yana da lambar bugu a ƙashin bayansa. Da wannan lamba, ba da sunan fim ba, ake neman farashi a intanet, kuma ka duba nawa aka saya, ba nawa mai kaya ya yi wa kayansa kuɗi ba.

Sai maganar gam. Babbar cutar wannan faifai ita ce abin da masu harkar ke kira ruɓewa. Inda aka yi amfani da gam maras kyau ko aka bar kafa a baki, iska da laima na shiga su ci alminiyam ɗin. A allo sai ka ga ɗige-ɗige masu launi suna yawo kamar an watsa gero, sauti na ƙara, a ƙarshe hoton ya watse. Ba ta da magani, gogewa ba ta fitar da ita, domin a ciki take. Wani lokaci ido na ganinta: baki ya yi ruwan ƙasa kamar tsatsa, ko wani hazo-hazo a ƙarƙashin robar. Sau da yawa kuwa faifan na ƙyalli lafiya lau, sai an kunna a gani. Abin ya danganta da masana'antar da ta buga, kuma bugun Japan ne aka fi shaida da lafiya, wanda hakan albishir ne gare ku.

Cuta ta biyu ita ce ta fi ba ni tsoro da na ji ka ce ƙarƙashin gado. In a kwance suke, an ɗora wani kan wani shekara talatin cikin zafin Kano, wasu sun lanƙwashe. Ɗora faifan a kan gilashin tebur mai tsabta, da kyalle mai laushi a ƙasa, ka duba ko wani gefe ya ɗaga. Daga yau ku tsayar da su a tsaye kamar littattafai, a matse kaɗan, a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da bango mai shan rana. Kada a bar su a mota ko na awa ɗaya. In za a goge, kyalle mai laushi da ɗigon ruwa, daga tsakiya zuwa baki. Ban da fetur, ban da sipirit, ban da turare: robar irin wadda sinadari ke tsattsagawa ce. Ƙurar hunturu ma a hure ta tukuna kafin a sa kyalle, in ba haka ba kai da kanka za ka kankare shi.

Ana iya kallo? Ana iyawa, amma a nan gizo ke saƙar, domin faifan ya fi na'urarsa tsawon rai. Turawan Ingila sun ɗanɗana wannan. A 1986 BBC ta tattara hotuna da bayanan ƙasar, da taimakon yaran makaranta, ta zuba a irin wannan faifai don cikar shekara 900 da littafin ƙidayar Domesday na 1086. Ba a yi shekara ashirin ba aka koma neman na'urar da za ta karanta faifan, sai da masana suka yi aikin ceto, alhali littafin fatar yana nan ana buɗawa.

In kun samu ta Baba, kada ku jona ta a wuta sai kun karanta bayanta. Wadda aka sayo a Hong Kong yawanci ta wuta 220 ce, ta dace da tamu. Ta Japan kuwa 100 ce, ta Amurka 120, dole sai da transifoma mai rage wuta. Na taɓa ganin wadda aka sha wahala aka kawo daga Japan, mai ita don zumuɗi ya cusa ta a soket kai tsaye, ƙara ɗaya ta yi sai hayaƙi da ƙauri. Bayan wuta sai bel. Na'urar da ta shekara ashirin a ajiye, bel ɗin da ke fito da tire ya saki ko ya narke ya zama kamar kwalta, giris ɗin ciki ya daskare. Wannan duk tsohon mai gyaran bidiyo zai iya, in mai haƙuri ne. Abin da ba zai iya ba shi ne idon leza in ya mutu, don an daina yinsa, sai dai a ciro daga wata. Ka ce masa kada ya taɓa ƙananan sukurorin saiti da ke kusa da idon.

In kuma saya za ku yi, ku lura da tsarin hoto. Faya-fayan Amurka da Japan da Hong Kong na NTSC ne, na Turai PAL. Na'urar Turai ta farko-farko ba ta karɓar NTSC, sai irin su Pioneer CLD-D925 masu cin duka biyun. Kada ka biya kuɗi sai an kunna a gabanka da faifanka, fuska biyun, har ƙarshe. Za ka ji ta ɗauki gudu da wani gurnani kamar fanka ta tashi, wannan lafiyarta ce. Ana haɗa ta da wayar nan mai kai uku, rawaya da fari da ja. A babbar talabijin ta bango hoton zai yi maka laushi-laushi har ka ce ina kyan da ake faɗa. A tsohuwar talabijin mai ƙeya aka yi shi don ita, a can yake nuna kansa.

Hukuncin gado na malamai ne, su za ku tambaya. Abin da zan iya faɗa ta ɓangarena shi ne ƙima: ku rubuta lambobin 26 ɗin, ku duba farashin kowanne, ku cire kuɗin aikawa da waɗanda suka lanƙwashe. Zai yi wuya abin da ya rage ya kai yadda abokinka ke hasashe, sai fa in an dace da ɗaya ko biyu cikin na Hong Kong ɗin. Da ni ne, sai a yi musu kuɗi daidai wa daida, ɗaya daga cikinku ya karɓa a cikin rabonsa, a bar su wuri guda, kada a raba wa yara su yi madubi da su. In ka aiko min da lambobin da hoton bayan kwalayen, zan nuna maka waɗanda za ka ware gefe.